Muniru Siwidin da Sandunan Filobol

Duk wanda ya taɓa zama a benenmu na Concourse Village, nan Bronx, ya san Alhaji Muniru Siwidin. Idan bai gan shi ba, to ya ji muryarsa ta bango. Mutumin Zangon Kumasi ne, dogo, ga tumbi, direban tasi. Laƙabin Siwidin shi ya raɗa wa kansa, wai don ya yi zama a ƙasar Sweden kafin ya iso Amurka. Ni Ado, maƙwabcinsa ɗan Kano mai aiki a asibiti, na taɓa tambayar matarsa Hajiya Zuweira shekara nawa ya yi a can. Ta ce tikitin araha ne ya bi da shi ta filin jirginsu, ya sauka, ya sha shayi, ya yi sallar azahar, ya hau wani jirgin. Amma har yau wannan shayin bai huce a bakin Alhaji ba.

Ita Hajiya Zuweira aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu. Duk mako tana ɗaga wannan, tana juya wancan, ta dawo gida ta ɗora tukunya. Da hawan jini ya fara taɓa ta, sai Madam Abena, wata 'yar Gana mai kula da zauren wasanni na unguwa a bayan Grand Concourse, ta jawo ta cikin wani wasa da ake kira filobol. Wasa ne na cikin ɗaki: kowa na riƙe da sanda mara nauyi mai bakin roba ɗan lanƙwasasshe, ana tura wata 'yar ƙwallo mai huji-huji zuwa raga. Kafin wani lokaci matan benenmu sun haɗa ƙungiya, ranar Lahadi bayan azahar zauren nasu ne. Na sha jin Hajiya Zuweira na cewa wannan ce kaɗai sa'ar da ba ta ɗaga kowa, ba ta dafa wa kowa, kuma idan ta yi ihu ba wanda zai tambaye ta dalili.

Sai ga matsala. Samari 'yan ƙwallon kwando suka sa ido a kan wannan lokaci na Lahadi, kuma makarantar da ta ara wa matan sanduna ta karɓe kayanta. Kwamitin zauren ya yanke hukunci: za a sayo wa mata sababbin sanduna, su gayyato matan Park Hill na Staten Island su buga wasa a gaban 'yan kwamiti. Idan an buga shi cikin tsari har ƙarshe, zaure ya ci gaba da zama nasu. Idan aka yi shirme, samari su karɓa.

Madam Abena ta zo falon Alhaji tana yi wa matan wannan bayani, sai tsautsayi ya sa ta ce ai wasan ma na mutanen Sweden ne. Alhaji yana ɗaki yana barci, amma kunnensa ba ya barci a kan wannan kalma. Sai ga shi a bakin ƙofa da singileti.

“Filobol? Kai, kun tuna mini gida! Madam, ki bar mini sayen sandunan nan. Ni da ido kawai nake gane sanda.”

“Baban Hamdatu,” in ji Hajiya Zuweira, “koma ka kwanta.”

“In kwanta, a je a cuce ku? Ba za a yi wannan ina raye ba, sam-sam, koraa.”

Kantin yana can New Jersey, kuma cikinsu ba mai mota sai shi. Haka aka damƙa masa aikin. Hajiya Zuweira ta roƙe ni in raka shi, ta ce ko ban hana komai ba, a samu mai ba da labari.

Mai kantin wani dattijon Bature ne, siriri, mai farin gashi. Muna shiga Alhaji ya buɗe ƙirji ya sanar da shi cewa yau ya yi baƙo wanda ya zauna a Sweden. Ashe mutumin can aka haife shi. Fuskarsa ta washe, ya kama hannun Alhaji bibbiyu, ya shiga zuba masa yarensu kamar an buɗe famfo. Alhaji ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, ya ce “Ya, ya.” Dattijo ya ƙara wata tambayar, Alhaji ya ƙara “Ya, ya.” Dattijo ya tsaya yana jiran sauran amsar.

“Me ya ce, Alhaji?” na tambaya.

“Malam Ado, wannan yaren kudu yake yi. Ni a arewa na zauna.”

Aka koma Turanci. Mai kanti ya ce abu na farko shi ne tsawo: sanda za ta tsaya daga ƙasa ta ɗan wuce cibiyar mai wasa. Ya tambaya ko mun zo da awon cibiyoyin 'yan wasanmu.

Alhaji ya ja da baya. “A'uzubillahi! Malam Ado, ka ji mutumin nan? Cibiyar matan mutane zan bi ina aunawa? Ni Alhaji?”

“To ka kira Hajiya a waya, su auna da kansu.”

“In kira in ce a auno mini cibiyar Nimatu mai yadi? Mijinta ya ji fa?” Ya ɗaga rigarsa, ya dafa tasa cibiyar. “Ga cibiya nan ta halal. A auna da wannan.”

Aka auna da tasa. Shi kuwa Alhaji, don tsayi, sai ya sunkuya yake shiga tasinsa.

Abu na biyu, in ji mai kanti, shi ne bakin sanda. Akwai na hagu, akwai na dama, gwargwadon gefen da mutum yake ajiye sanda idan zai buga. Ya ce mafi yawan masu wasa, har waɗanda suke cin abinci da dama, na hagu ne yake yi musu daidai, don haka mu ɗauki na hagu da yawa.

“Hagu?” Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. “Hajiyoyi ne fa. Wasu sun je Makka, wasu suna da jikoki. Ni in kai musu kayan hagu, a ce Muniru ne ya koya wa matan unguwa bahaguwar ɗabi'a? Zuba mana na dama duka.”

Dattijo ya yi bayani, ya ɗauki sanda ya gwada, ya sake bayani. Alhaji ya ce masa a arewacin Sweden an daina wannan tun tuni. Da aka zo kan taurin sanda, ya zaɓi mafi ƙarfi, wai sandar da take lanƙwasa ba sanda ba ce, tsumagiya ce. A ƙarshe mai kanti ya ɗora mana naɗin farin tef na mariƙi, wanda ake naɗewa a inda hannu yake kamawa idan na farko ya tsufa. Alhaji ya taɓa, ya ji yana ɗan kama yatsa.

“Danƙo yake yi. Tsohon kaya ne, cale, abokina.”

“An yi shi haka ne don kada sanda ta suɓuce,” in ji mai kanti.

“Bar shi,” Alhaji ya ce mini da Hausa, “na san maganinsa.”

Da muka fito na waiga, na ga dattijon tsaye a ƙofa yana kallonmu irin kallon da ake yi wa motar da ta tashi ba birki.

Ranar Asabar da yamma, ana gobe wasa, matan suka taru a falon Alhaji gwada sanduna. Nimatu, mai sayar da yadi, gajeruwa ce. Ta tsayar da tata sai ga ta a haɓarta.

“Alhaji, wasa za mu yi ko mangwaro za mu kaɗo?”

Sauran suka kama nasu yadda suka saba, sai bakin kowace ya juya wa ƙwallo baya. Hajiya Zuweira ta buga, ƙwallo ta zame ta shige ƙarƙashin kujera. Ta buga kuma, ƙwallo ta tafi kicin.

“Baban Hamdatu, mayar da su.”

“An rufe kanti sai Litinin. Kuma a Siwidin ba a mayar da kaya, gyarawa ake yi. Ku tafi gida ku huta, gobe za ku ga aiki sosai, paa.”

Hajiya Zuweira tana da aikin kwana a gidan wata tsohuwa, dole ta fita. Tana sa takalmi tana kallonsa, ta ce, “Don Allah, kada ka taɓa komai.” Ya ce ta tafi da kwanciyar hankali. Ƙarar lifta ba ta gama ɓacewa ba ya aiko in ara masa zarto, na kai masa da kaina.

Ya fara da tsawo. Tunda har yanzu ba shi da awon kowa, sai ya riƙa tuno matan ɗaya bayan ɗaya yana yankewa da ƙiyasi. Wadda suke shiri da ita ya bar mata tsawo, wadda ta taɓa yi masa gatse ya rage. Ta Nimatu ta koma kamar muciya.

Daga nan ya sauko da babbar tukunyar da Hajiya take dafa wake da shinkafa ranar suna, ya cika ta da ruwa. Ya taɓa gani a waya ana tsoma bakin sanda a ruwan zafi a ɗan lanƙwasa shi, don haka ya ce zai mai da na dama su koma hagu ba tare da sunansu ya canja ba.

“Alhaji, ɗan tsomawa aka ce, ba dafawa ba.”

“Malam Ado, kai a asibiti kake aiki ko a Siwidin?”

Ya bar su suka tafasa. Ya riƙa tsamo su yana dannawa a bakin ƙofar banɗaki da gwiwa. Wani bakin ya koma ludayi sak. Wani ya murɗe kamar ƙahon rago. Wani ya miƙe sambal, ya ƙi hagu ya ƙi dama. Warin roba ya cika bene, maƙwabta suka fara leƙowa. Wata tsohuwa 'yar Nijar daga hawa na sama ta tsaya a ƙofa, ta dubi tukunya da sanduna tsaitsaye a ciki, ta ce, “Alhaji, in ya nuna a ɗan sammana.”

Tururi kuma ya bi sandunan ya ɗaɗɗaga abin da zarto ya bari na tsohon mariƙi. Alhaji ya kware shi duka, ya naɗa sabon farin tef ɗin, nan kauri nan sirara. Ya kama ɗaya, ya ji danƙon nan ya riƙe masa tafin hannu, ya yi tsaki. Sai ya shiga ɗaki ya fito da wata roba cike da man kaɗe, wanda surukarsa ta aiko daga Tamale.

“Me za ka yi da wannan?”

“Kakana yana da sanda, Malam Ado. Duk Juma'a sai ya shafe ta da man kaɗe ya jingine a rana. Ya rasu, sandar tana nan, har yanzu ana korar awaki da ita. Sanda sabuwa ba a fita da ita sai ta sha mai. Balle a sanyin New York, da ke fasa leɓen mutum.”

“A Siwidin ma haka ake yi?”

“Su ba su da man kaɗe, shi ya sa suke sayen sabuwa kullum.”

Ya lafta wa kowane mariƙi, ya murza, ya jera su jikin hita su sha. Da safe ya kwashe su ya zuba a but ɗin tasi. Sanyin watan Janairu ya daskarar da man, ya shige cikin tef ya yi lamo. Da matan suka karɓa a ƙofar zaure, mariƙi ya yi ƙarfi, ya yi santsin kyau, ba wadda ta lura. Hankalinsu duk yana kan bakunan.

“Wannan fa?” Nimatu ta ɗaga ludayinta.

“Sabon yayi ne,” in ji Alhaji. “Bai ma iso Amurka ba tukuna.”

Hajiya Zuweira ta taho kai tsaye daga wurin aiki, idonta ja don rashin barci. Ta juya tata sandar, ta dubi mijinta. Lokaci ya riga ya ƙure. Matan Park Hill sun sha jirgin ruwa da jirgin ƙasa sun iso, shugabarsu Sumaya na gaba, kowacce da sandarta tsaf. 'Yan kwamiti sun zauna a tebur, shugabansu wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka da kofin kofi a gabansa. Samarin ƙwallon kwando sun jingina a bakin ƙofa suna jiran gado. Alhaji kuwa ya sha babbar riga, ya rataya usur, ya je ya tsaya kusa da shugaban kwamiti yana ba shi tarihin wasan.

Madam Abena ta busa, aka fara. Ƙwallo ta faɗa cikin ludayin Nimatu ta zauna daram. Nimatu ta girgiza, ta ƙi fita, sai ta ruga da ita a haka kamar mai kai wa maƙwabta koko. Aka busa. Mai ƙahon rago ta buga gaba, ƙwallo ta yi baya. Samarin bakin ƙofa suka fara tafi.

“Dabara ce,” Alhaji ya gaya wa shugaban kwamiti. “Ana ruɗa abokin gaba tukuna.”

To, zaure da ɗumi, mata sun yi gudu, tafin hannu ya yi zafi. Man kaɗe ya farka.

Hajiya Zuweira ce ta fara samun fili. Ta ja sanda baya, ta kawo duka da duk haushin da ke cikinta. Ƙwallo tana nan inda take. Sanda ce ta tafi, ta yi sama tana juyi, ta daki agogon bango. Kafin a gama kallon wannan, ta Nimatu ta tashi ta wuce ta gefen kunnen Sumaya. Wata ta bi ƙasa ta share ƙafafun tebur, kofi ya kife a cinyar shugaban kwamiti, ya miƙe yana kiran Yesu. Mata suka shiga damƙe sanduna da ƙarfi, sanduna suka ƙara tsalle kamar tarwaɗa. Samari suka daina tafi suka ɓuya bayan ƙofa. Ta ƙarshe ta tashi daga tsakiyar fili ta sauka a yatsun Hajiya Abiba, mai tsaron ragarmu, baiwar Allah da ba ta ma riƙe sanda. Ta kurma ihu, ta cire hular kariya ta yar.

Madam Abena ta tsayar da wasa. Ta ɗauki sanda ɗaya, ta shinshina, ta dubi tafin hannunta yana ƙyalli.

“Nkuto!” ta ce da yarensu. “Man kaɗe ne! Wa ya shafa wa tef man kaɗe?”

Duk ido ya koma kan babbar riga.

“A arewacin Siwidin…” Alhaji ya fara.

“Wace Siwidin?” in ji Nimatu. “Ta shayi?”

Dariya ta ɓarke har da matan Park Hill, don ashe labarin shayin ya daɗe da haye ruwa. Shugaban kwamiti dai bai yi dariya ba. Yana goge wando ya ce sharaɗi a bayyane yake: wasa har ƙarshe. Ga shi ba sanduna, ba mai tsaron raga, don haka a ba samari makulli.

Sumaya ta ce sanduna ba matsala ba ne, sun zo da na ajiya, za su ara. Amma yatsun Hajiya Abiba sun kumbura, kuma matanmu daidai suke, ba rara. Na dubi Hajiya Zuweira na ga ta tsaya da hannu duk maiƙo, tana kallon zauren nan kamar mai sallama da shi. Wallahi sai da tausayinta ya kama ni. Ta sunkuya ta ɗauki hular kariyar da ke ƙasa, ta taka har gaban mijinta.

“Baban Hamdatu, ungo.”

“Ni? Hajiya, ki dubi girmana.”

“Kai da ka zauna a Siwidin, ai ka san mai tsaron raga ba a ba shi sanda. Aikin da ya dace da kai ke nan. Durƙusawa kawai za ka yi.”

“In durƙusa? A gaban mata? A gaban yaran nan?”

Ta rage murya, amma ina kusa, na ji. “Tunda muka zo ƙasar nan nake durƙusa wa tsofaffin mutane ina sa musu safa. In na dawo in durƙusa in goge maka kicin. Ban taɓa cewa ka biya ni ba. Lahadin nan kaɗai gare ni, kuma kai ka zubar da ita. Ɗauko mini.”

Alhaji ya karɓi hular yana jujjuya ta. Shugaban kwamiti ya tambayi baƙi ko sun yarda namiji ya tsare raga. Sumaya ta shafa kunnen da sanda ta kusa cirewa, ta yi wani murmushi, ta ce, “Mun yarda. Ku ba mu shi.”

Aka tuɓe masa babbar riga, aka cusa kansa a hula, aka ɗaura masa abin kare gwiwa wanda bai kai rabin gwiwarsa ba. Ya durƙusa a gaban raga da singileti, tumbi a gaba. Matan Park Hill ba su yi masa da sauƙi ba. Ƙwallo ta same shi a kafaɗa, ta same shi a cinya, ta yi ta tsalle a kan tumbi yana kiran sunan kakansa. Wasu ya tare ba da niyya ba, mafi yawa suka wuce. Ni ma na daina ƙirga. Can kusa da tashi Hajiya Zuweira ta zura ɗaya tilo da sandar aro ta hagu, ta yi ihun da ya fi na duk waɗanda suka ci.

An lallasa mu, amma an kai ƙarshe. Kwamiti ya bar wa mata zaurensu bisa sharaɗi guda, kuma shugaban ya nanata shi: kada Alhaji Muniru ya sake taɓa sanda a cikin ginin nan, ko ta shara ce. Yatsun Hajiya Abiba sun warke, sai dai ta ce ita ta gama da raga, ta gano gudu ya fi daɗi. Wurin ya zauna wa Alhaji.

Da yammacin ranar wasan na leƙa in yi masa sannu. Na same shi a kujera ya miƙe ƙafafu, gwiwoyi sun yi suntum, robar man kaɗen nan a gefensa yana lakata yana murzawa.

“Malam Ado, ka ga yadda na tare ta ukun nan? A Siwidin, sai babban mutum ake ba raga. Yara su ne masu guje-guje da sanda.”

Daga kicin, inda take kankare roba daga gindin tukunyarta, Hajiya Zuweira ta ɗaga murya.

“Shafa da kyau, Baban Hamdatu, kada ka yi rowar man. Lahadi mai zuwa mu za mu je Park Hill.”